Shagon sassaƙa hatimi a Garwa: gwani a alama, da saura a ajami

Mai son tambarin kansa a hatimi ko a saman takardar wasiƙa, akwai wani shago a gefen babbar kasuwar Garwa, a arewacin Kamaru, da ya cancanci a leƙa. Mai shagon ba ya fara zane sai ya tambayi sarautarka ko sana'ar gidanku. Takobi na gidan sarauta ne, allo da alƙalami na malamai, ƙahon saniya na makiyaya, dagi kuwa tushen Arewa yake nunawa. Yakan hana a haɗa zaki da akuyar dutse, domin su ne ke riƙe da garkuwa a tambarin Chadi, kada a ce an kwaikwayi hukuma. Ya yi daidai.

Hatimin roba mai faɗin santimita 4 alama biyu da suna kawai yake ɗauka. In aka cusa uku, tawada ta cike tsakanin layuka, doki ya fito kamar jaki. Wannan ya san shi sarai.

Rauninsa ajami ne. Da hannu yake sassaƙa shi a juye, ɗigo biyu na harafin "ya" sukan manne, sai ya koma harafin "ba". Ka sa ya buga gwaji a takarda, malami ya karanta, kafin ka biya cikon kuɗi.