Zaɓen Abincin Karen Farauta Domin Gudun Murɗewar Tumbi

Duk wanda ya ƙare wa saluki kallo, wato karen da mafarautan Saudiyya ke bin zomo da shi a sahara, zai ga ƙirji mai zurfi da ƙugu siriri. Karnuka masu zurfin ƙirji ne tumbinsu ya fi yawan cika da iska har ya murɗe, mashiga da mafita su toshe, jini ya kasa gudana, kare ya mutu cikin sa'o'i kaɗan.

A shagunan Jidda da Riyad, abin da ya fi yawa shi ne busasshen abinci na buhu, kuma ya fi jure zafi. Sai dai kafin mutum ya biya kuɗi, ya juya buhun ya karanta jerin kayan haɗi. Binciken Jami'ar Purdue da ke Amurka, wanda aka wallafa a 2006, ya nuna cewa haɗarin yana ƙaruwa idan mai ko kitse na cikin abubuwa huɗu na farko. Buhu mai araha kuwa sau da yawa sai an cika kwano kafin kare ya ƙoshi, alhali yawan abinci a ci ɗaya yana cikin abubuwan da ke jawo cutar. A ganina, gara mai tsada wanda kaɗan ke wadatarwa, a raba shi sau biyu ko uku a yini.

Na gwangwani yana da kyau a gauraya shi da busasshen, amma ba ya daɗewa idan an buɗe. Ragowar kabsa, wato dafa-dukan shinkafa da nama ta Saudiyya, kam a bar ta, domin albasa da zabibi guba ne ga kare, dafaffen ƙashin kaza kuma yana tsagewa.

Kwano ma abin dubawa ne. Mai dogayen ƙafafu yana da ban sha'awa, amma masu binciken na Purdue sun gano a 2000 cewa ɗaga kwano yana da alaƙa da ƙarin haɗari. A sayi na ƙasa mai tudu-tudu a ciki, wanda ke hana haɗiya da gaggawa, kuma kada a ciyar da kare yana haki bayan gudu.

Idan aka ga ciki ya kumbura kamar ganga, kare yana yunƙurin amai ba abin da ke fita, miyau yana dalala, to, a garzaya wurin likitan dabbobi nan take ko da tsakar dare ne, domin tiyata ce kaɗai ke warware murɗewar.