Adashin matan ɗalibai a Dang: zubi, ɗauka da inda yake karyewa

Matar da ta biyo mijinta karatu zuwa Dang, inda Jami'ar Ngaundere take, kimanin kilomita 15 daga gari, dangi na nesa kuma aljihun maigida ba nauyi. Tun gyaran tsarin jami'o'i na 1993 aka daina ba ɗalibai tallafin wata-wata a jami'o'in gwamnatin Kamaru, aka sa kuɗin rajista sefa 50,000 a shekara. Shi ya sa haɗuwar matan ɗalibai a nan kusan kullum kan adashi take tsayawa. 

Tsarin da ya fi dacewa shi ne mata 10, zubin 5,000 a wata. Ɗauka ɗaya ta zama 50,000 cif, kuɗin rajista ke nan, kuma zagayen yana farawa a Oktoba ya ƙare a Yuli tare da shekarar karatu. A nan adashin ya cancanci yabo: ba ruwa, ba jingina, ba takardun banki. Idan aka ƙara 500 a kan kowane zubi don asusun ko-ta-kwana, akwai abin kai mai naƙuda asibiti cikin dare.

Inda ake kuka shi ne jerin ɗauka. Kowa Oktoba take so, uwar adashi kuwa in ta raba da son rai, rigima ta tashi ke nan. A jefa ƙuri'a a gaban kowa ranar farko, a rubuta a littafi, mai buƙatar gaggawa ta yi musanya da 'yar'uwarta da shaidu biyu.

Babbar ɓarakar kuma daga yanayin ƙungiyar take. Zaman kowace mace a Dang yana rataye da karatun mijinta. Wadda ta ɗauka a Nuwamba, maigidan ya kammala ko ya bar karatun, sai su koma Garwa ko Marwa da sauran zubi takwas a kanta. Ba lallai mugunta ba ce, nisa ne da canjin hali. Don haka matan 'yan shekarar ƙarshe su ɗauka a watannin ƙarshen zagaye, sabuwar shiga kuma ta kawo mai tsaya mata. Wadda ta tashi ta ci gaba da turowa ta Orange Money ko MTN MoMo, wato hanyoyin tura kuɗi ta wayar hannu, kuɗin cirewa a wuyanta, in ba haka ba ɗaukar sai ta zo da giɓi.

Raino na karɓa-karɓa da wasu ke haɗawa da adashin bai cika ɗorewa ba, don ɗakunan hayar ɗalibai ƙanana ne, yara huɗu ma sun cika su.

Adashin da ya wuce mata 10 ko ya tsallake Yuli, shawararmu 'yar'uwa ta haƙura da shi.