Pure Data: Kyauta Ce, Amma da Lokacinka Za Ka Biya

Wanda ya saba da manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio, in ya buɗe Pure Data, wata manhajar sarrafa sauti a kwamfuta, zai ɗauka ba ta gama sauka ba. Farin shafi ne fes, babu ganga, babu fiyano. Kai za ka ajiye ɗan akwati ka rubuta osc~ 440 a ciki, wato mai samar da ƙara, ka ja masa waya zuwa wani akwatin mai suna dac~, wanda ke kai ta lasifika, ka kunna DSP, wato makunnin sauti. Abin da za ka samu ƙara ce ɗaya tilo, tiiii. Ka rage murya tukuna, don ba ta tausayin kunne.

Miller Puckette ne ya fitar da ita a 1996. Shi ne ya ƙirƙiri Max, wata manhaja irinta, a shekarun 1980 a IRCAM, cibiyar binciken kiɗa ta birnin Faris, kafin ya koma koyarwa a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego. 'Yar gidan malamai ce ke nan, kuma halinsu ta ɗauko. Su can ba rawar biki ce ta dame su ba, sautin kansa suke fasawa su ga cikinsa.

Kada kuma a raina musu. John Chowning a Jami'ar Stanford ya gano dabarar haɗa sauti ta FM, inda wani sauti ke murɗa amon wani, Yamaha ta karɓi lasisinta ta fitar da fiyanon DX7 a 1983. A cikin darussan da suka zo da Pure Data akwai wannan dabara a buɗe, kana juya lamba kana jin ƙarar ƙararrawa na rikiɗa.

Inda Pure Data ta biya ni shi ne wasan kwaikwayon rediyo. Na naɗi sautin daka a turmi da waya, na ja shi, na sassara shi gutsi-gutsi, ya koma wani gurnani mai tayar da tsigar jiki. Da shi muka yi fitowar aljani. Tsohuwar kwamfutata ma ba ta yi nishi ba, ga shi ba ta ci mini data ba wajen saukewa.

Sai dai fa mummuna ce, bayananta duk da Turanci, kuma babu layin jera waƙa. In mawaƙi na zaune a kanka yana jiran waƙar amarya gobe, kada ka ko taɓa ta. Sai daren da babu aiki kuma akwai wuta.