Gargaɗi kan masu shafa efoksi a daɓen gareji

Jama'ar Zariya don Allah a kula, akwai wasu samari da ke bin sababbin gidaje ta wajen Hanwa, Kwangila har Ɗan Magaji suna tallan wai za su shafa maka efoksi, wato wani irin fenti mai kauri na daɓe, a gareji ya riƙa sheƙi kamar madubi, hotuna cike da waya, garanti kuma na fatar baki har shekara goma. Su karɓi kafin alƙalami mai tsoka, su shafe a yini ɗaya, daga nan lambarsu ta daina shiga.

Wani maƙwabcinmu sati guda da zuba kankare suka ce masa ai ya bushe Alhaji, taɓa ka ji. To sama ce kawai ta bushe. Kankare sai ya yi aƙalla kwana 28 kafin ma a fara zancen shafa masa wani abu, kuma in birkila bai shimfiɗa leda a ƙasa ba kafin ya zuba, wanda da yawansu ba sa yi sai ka tsaya a kansu, laimar ƙasa haka za ta yi ta hawowa ta cikin simintin ko da gidan ya shekara biyar, balle filayen da ke kusa da Kubanni. Shi kuma efoksi rufe daɓen yake yi ruf, danshin ya rasa ta inda zai fita, sai ya taru ya ɗaga shi. Watan Agusta na kamawa daɓen maƙwabcin namu ya yi ƙuraje, ka fasa ka ga ruwa, ga farin gishiri ta gefen bango, mota ta dawo da zafin taya ta tsaya a kai ta ɗauke fentin gaba ɗaya. Ni ban ma yarda efoksi ne ba, na gaskiya kashi biyu ne ake haɗawa a gabanka, su bokiti ɗaya suka zo da shi yana warin tina.

Gwajin ba tsada. Yanki leda kamar santimita 45 kowane gefe, liƙe ta da salatif a daɓen, bar ta awa 16 ko fiye, in ta yi gumi ko wurin ya yi duhu kar a shafa komai. Da damina za ka yi, hunturu yana ruɗin mutane. Mai aikin gaskiya ma zai zo da na'urar auna danshi da injin goge daɓe, su waɗannan tsintsiya kawai suka tambaya.