Wace na'ura za ka saya don gwada rodin ƙasa?

Mai wayarin da ya kafa rodi a ƙasa ya ɗaura masa waya bai gama aiki ba, sai ya san turjiyar hanyar, wato yadda take hana wuta wucewa, om nawa ce. A tsarin da ake kira TT, inda gida ke dogaro da rodinsa na ƙasa, idan layif ya taɓa jikin ƙarfe, wutar takan bi rodin ta shiga ƙasa ta koma taransifoma. Turjiyar wannan zagaye tana da yawa, wani lokaci har ɗaruruwan om, shi ya sa fis ko bireka ba sa yankewa da wuri, RCD, wato makunnin da ke yanke wuta idan ta yoyo zuwa ƙasa, ke ɗaukar nauyin. Ƙa'idar ita ce, idan aka ninka turjiyar da ƙarfin wutar da RCD ke faɗuwa a kansa, kada a wuce bolt 50. RCD mai miliamfa 30 zai ba ka iyakar om 1667, mai 100 kuma om 500. Sai dai dokar wayarin ta Birtaniya, BS 7671, ta yi gargaɗin cewa abin da ya haura om 200 ba lallai ya dawwama ba, don ƙasa na bushewa.

Ƙaramar mitar hannu ba ta wannan aiki, cire ta daga lissafi.

Na'urar gwajin zagaye ita ce mafi sauri, amma sai da wuta. Za ka kashe babban makunni, ka cire wayar rodin daga mahaɗarta don kada bututun ƙarfe ko wata hanya ta rage maka adadin, sannan ka gwada tsakanin layif mai shigowa da rodin. Abin da za ta nuna ya haɗa da turjiyar ɓangaren taransifoma, wato ya ɗan fi na rodin shi kaɗai, kuma wannan kuskure ne mai aminci. Kafin ka biya, tabbatar tana da gwajin ƙaramar wuta wanda ba ya kayar da RCD, kuma ma'auninta ya kai om 2000. Idan babu na farkon, duk soket ɗin da ka gwada sai wutar gidan ta ɗauke.

Na'ura mai turaku, irin Megger DET3TD, ba ruwanta da wutar layi, batirinta ya isa. Ana kafa turke ɗaya nesa da rodin, kamar ninki goma na tsawonsa, na biyu kuma a wajen kashi 62 cikin ɗari na tazarar, sai a matsar da shi gaba da baya a ga ko adadin ya tsaya. Ita ce ke faɗin gaskiyar rodin kansa, kuma ita kaɗai za ta fisshe ka a sabon gini da ba a jawo masa wuta ba. Matsalarta fili: inda aka shafe ko'ina da siminti, ina za ka kafa turke?

Sai mai baki kamar filaya, irin Fluke 1630-2, wadda ake maƙalawa a waya ba tare da an kwance komai ba. A nan nake roƙon mai saye ya yi hattara. Tana aiki ne kawai inda rodi da yawa ke haɗe da juna. A kan rodi ɗaya tilo babu hanyar da wutar gwajinta za ta zagayo, kuma idan ta samu wani zagayen waya, sai ta nuna adadi ƙarami mai daɗin gani alhali ba ƙasar ta gwada ba.

Ni dai ga mai aikin gidaje da shaguna, na fi son na'ura mai haɗa komai, kamar Fluke 1664 FC ko Megger MFT1741: zagaye, RCD, rufin waya da gwajin turaku duk a akwati ɗaya. Tambayi mai sayarwa ko turakun da wayoyinsu na ciki, don sau da yawa daban ake sayar da su. Duba alamar IEC 61557, ƙa'idar irin waɗannan na'urorin gwaji, da matakin CAT, wato matakin kariyarta daga bugun wuta, a jikinta, CAT IV idan za ka riƙa gwaji a bakin shigowar wuta, ka kuma karɓi takardar daidaita ma'auni tun ranar saye.