Rigar ɗumi ta masu nutso bayan shekara huɗu tana aiki

Rigar da nake sharhi a kanta ita ce ta ciki, wadda ake sawa a ƙarƙashin rigar nutso mai hana ruwa taɓa jiki. Riga da wando ne a haɗe, zif ɗaya daga wuya zuwa mara, cikinta audugar roba mai nauyin giram 200 a kowace murabba'in mita, an ɗinke ta tsakanin yadi biyu. Shekara huɗu ke nan tana aiki. Ko zare ɗaya bai warware ba, zif ɗin lafiya lau, amma ɗuminta ya ragu ƙwarai, kuma a ido ba za ka gane ba.

Wani zai ce me ya haɗa Basakkwace da rigar ɗumi, a garin da zafi ke haura digiri 40 da bazara? Wanda ya san aikin ƙofofin ruwa a madatsa irin ta Goronyo da ke kan gulbin Rima, da sassafe cikin hunturu, ba zai yi wannan tambaya ba. Ruwa yana janye zafin jiki kusan ninki 25 fiye da iska, kuma mai aikin nutso ba iyo yake yi ba, wuri guda yake tsayawa da sifana a hannu na awa ɗaya ko fiye. Rigar waje tana tsare shi daga ƙazantar ruwa da tsargiya, amma ita kanta, irin mai sirantaccen yadin nan, ba ta da ɗumi. Ɗumin duka daga ta ciki yake.

Abin da ke ɗumama jiki shi ne iskar da ta maƙale tsakanin zarurrukan audugar. Muddin audugar tana tsaye, iska na da wurin zama. A zurfin mita 10 matsin da ke kan jiki ya ninka na sarari, iskar cikin riga ta koma rabi. A mita 20 ta koma kashi ɗaya cikin uku. Shi ya sa ake danna bawul ɗin da ke ƙirjin rigar waje a ƙara mata iska ana sauka. Duk da haka kowane nutso matsa ne ga audugar, kuma a hankali sai ta daina tasowa, kamar matashin rimi da aka daɗe ana ɗora masa kai.

Ba ko'ina take kwanciya lokaci guda ba. A wannan rigar gwiwoyi ne suka fara, sai gwiwar hannu, sai kafaɗu inda madaurin tukunyar iska ke dannawa. Wurin da ya fi cutarwa shi ne ƙirji da ciki. Idan mutum ya kwanta rub da ciki a ruwa, iskar cikin rigar tana taruwa ne a gadon baya, gaba kuwa ya manne da jiki, ga shi nan ne sanyi ya fi saurin shiga. Ka matse audugar ƙirji da yatsu biyu, sannan ka matse ta bayan ƙafa, inda ba ta shan wahala. Ta ƙafa za ta taso nan take, ta ƙirji kuwa sai ka ji yatsunka suna neman haɗuwa. Ka ɗaga rigar ga hasken rana ma, inda audugar ta zame za ka ga haske na ratsawa.

Gwajin da na fi yarda da shi shi ne na dalma, wato ƙarfe mai nauyi da mai nutso ke ɗaurawa don ya iya nutsewa. Lita ɗaya ta iska tana ɗaga kilo ɗaya a ruwan gulbi. Da wannan rigar, dalmar da ake buƙata don a nutse ta ragu da fiye da kilo ɗaya tsakanin sabuntarta da yanzu, alhali sauran kaya ba su canza ba. Wannan kilon iska ce da rigar ta daina riƙewa. Don haka ka rubuta yawan dalmarka ranar da ka fara sa sabuwar riga.

Wanki ya fi nutso saurin kashe ta. An yi audugar ne don ta ƙi ruwa, garin sabulu kuwa aikinsa shi ne ya sa ruwa ya ratsa zare, kuma idan bai fita sarai ba sai ta riƙa shan gumi tana riƙewa. Kada a ba mai wanki da guga, domin zai murɗe ta ya buga, ya kuma ɗora mata dutsen guga, zaren roba kuwa narkewa yake. A jiƙa ta a baho da ruwa mai ɗan ɗumi, a matsa da tafin hannu, a ɗauraye sau uku, a shimfiɗa a inuwa. A Sakkwato ba ta daɗewa ba ta bushe ba. Ajiyarta kuma a rataye, cikin jakar yadi saboda ƙurar hunturu. Dunƙule ta a but ɗin mota ko ƙarƙashin tukwanen iska ɓarna ce.

Aibinta a ƙasarmu shi ne zafi a tudu. Minti goma a cikinta kafin a shiga ruwa ya isa mutum ya jiƙe sharkaf, jiƙaƙƙen jiki kuwa sanyi yake jawowa a ƙasa. A sa ta daga ƙarshe, a inuwa, bayan an gama haɗa komai. Singiletin auduga kada ya shiga ciki, domin yana riƙe gumi a kan fata. A sa ta roba mai tsotse gumi ko ta ulu mai laushi, ita ce za ta sha dauɗa, sai wankin babbar ya ragu.

Kuskuren da ke ba ni tsoro shi ne cika rigar waje da iska don rama ɗumin da ya tafi. Iskar tana iya gudu zuwa ƙafafu ta juya mutum, ya taso sama ƙafa a gaba ba shiri. 'Yan ƙunshin garin ƙarfen nan masu ɗumama hannu, waɗanda ke yin zafi idan iska ta taɓa su, su ma ba na cikin riga ba ne, domin matsi yana ƙara musu iskar da suke ci, su ƙona fata a inda ba ka iya cirewa. Sanyi kuma ba abin daurewa ba ne: yatsu su ne ke fara mutuwa, a kasa riƙe kayan aiki, kuma jikin da ya yi sanyi lokacin tasowa yana jinkirin fitar da naitirojin, iskar da ke taruwa a jikin mai nutso yayin da yake ƙarƙashin ruwa. Da zarar makyarkyata ta fara, a ba abokan aikin da ke saman ruwa alama a kammala.

Zan sake sayen irinta, saboda ɗinkinta mai ƙarko ne, kuma tana sabuwa ko ruwa ya ɗan shigo ta wuya ba ta barin mutum ya daskare. Wannan tsohuwar dai yanzu sai da falmaran mai kauri a kan ƙirji, kuma ga gajeren aiki kawai. Mai sayen ta hannu kada ya tsaya kan tsabtar yadi, ya matse ƙirji da gwiwoyi tukuna kafin a yi ciniki.