Gina azuzuwa a ƙasar waje: ka bi ƙungiya ko ka tafi da kanka?

Wani ɗan'uwa a zauren nan ya yi tambaya. Yana so ya tara gudummawa a gina azuzuwa biyu a wani ƙauye na ƙasar da ba tasa ba, kuma yana son ya je da ƙafarsa ya tsaya kan aikin. Shi ba magini ba ne, hutun da zai samu a wurin aiki bai wuce mako uku ba. To, ya shiga ƙarƙashin wata ƙungiya ne, ko ya tara kuɗi ya tafi shi kaɗai?

Malam, Allah ya saka maka da alheri kan wannan niyya. Na taɓa bin hanya ta biyu, na yi wata huɗu ina kwana ina tashi a bakin gini, don haka bari in jera maka su ka gani.

Mu fara da kuɗi. Idan ka bi ƙungiya irin Habitat for Humanity, wadda Millard da Linda Fuller suka kafa a Amurka a 1976, abin a tsare yake. Ana zuwa rukuni-rukuni na mako ɗaya ko biyu, ka biya kuɗin da suka yanka, wani ɓangare ya tafi masauki da sufuri, wani ya shiga aikin. Sai dai ba kai ke zaɓen abin da za a gina ba, su kuma aikinsu ya fi karkata ga gidajen zama. Idan kai kaɗai ne, kowane sisi a wuyanka yake. Shafin GoFundMe na tara gudummawa ta intanet, alal misali, yana cire kashi 2.9 cikin ɗari da santi 30 na dala daga kowace gudummawa a Amurka, kuma ba daga kowace ƙasa ake iya buɗe asusun neman taimako a cikinsa ba. Ga ladan tura kuɗi, ga canji da ke iya juyawa tsakanin ranar da ka tara da ranar da za a sayi siminti. Ka ware aƙalla kashi 10 na ko-ta-kwana. Kuɗin tikitinka kuwa ka fitar daga aljihunka. Wanda ya ba ka don a sayi bulo bai ba ka don ka hau jirgi ba, in kuma dole ne ka taɓa, ka gaya wa mutane tun kafin su bayar.

Sai lokaci, kuma a nan mako ukunka zai ba ka matsala. Kankare yana bukatar a riƙa shayar da shi ruwa aƙalla kwana 7, kuma sai ya kwana 28 injiniyoyi ke ɗaukar ya kai ƙarfin da aka tsara masa. Gini ba ya jin ranar tafiyarka. A ƙungiya wannan ba damuwa ba ce, domin ka tarar ana yi, ka kuma bar ana yi. In kai ne mai aikin, za ka tsinci kanka kana matsa wa birkila ya cire katakon linta kafin kankaren ya nuna don ka samu hoton da za ka nuna wa masu gudummawa. Na ga an yi haka, na kuma ga tsagar da ta biyo baya.

Batun sa ido shi ya fi damuna, don a nan ne masu kyakkyawar niyya suka fi yaudarar kansu. A ƙungiya ba kai ne mai sa ido ba, lebura ne kai, ka miƙa bulo, ka kwaɓa yashi, akwai injiniyansu a wurin. In ka tafi kai kaɗai, sunanka mai kula da aiki, amma baƙo makaho ne ko da yana da ido. Ba ka jin yaren, ba ka san farashin kasuwa ba, ba ka san wane ramin yashi ne ke da laka ba. Ni kullum da sassafe nakan ƙirga buhunan siminti masu kilo 50 in rubuta a littafi, ina ganin na riƙe aiki. Ashe ɓarnar ba a nan take ba. Wata rana wani dattijo daga kwamitin makarantar ya ɗauki bulo ɗaya ya sake shi daga daidai ƙirjinsa, ya tarwatse kamar ƙasa. Bai ce komai ba, ya dube ni kawai. Yashi ya yi wa siminti yawa, kuma an riga an jera layi huɗu da irinsa. Bayan haka ne muka gano rodin ginshiƙai mai milimita 10 ne, alhali 12 aka rubuta. Wannan ma sa'a muka yi ba a zuba kankare ba tukuna, da an rufe shi ke nan, sai ranar da rufi ya sauko kan 'ya'yan mutane. Ranar ban iya barci ba. Lissafi na iya, amma idon gini na ɗan gari ne da na injiniya.

Takardu kuwa, ƙungiya ce ke nuna maka irin bizar da za ka nema. Kai kaɗai, ka tambayi ofishin jakadanci, domin ƙasashe da dama ba su yarda a yi aiki da bizar yawon buɗe ido ba, ko da ba a biyan ka. Kuma kada a haƙa harsashi sai ka ga takardar filin da sunan makarantar ko na al'umma, tare da izinin gini.

Akwai kuma tambayar da ba ka yi ba: wa zai gyara kwano idan iska ta yaye shi bayan shekara biyu, wa zai turo malamai? Ƙungiya tana nan bayan tafiyarka. Kai in ka koma gida, ka koma. Shi ya sa Peace Corps, hukumar 'yan sa-kai ta gwamnatin Amurka wadda aka kafa a 1961, ta sa sharaɗin cewa a ayyukan da 'yan sa-kanta ke tara wa kuɗi, dole al'ummar wurin ta kawo aƙalla kashi 25 cikin ɗari, da kuɗi ko ƙwadago ko kayan aiki. Wanda ya ɗebo tsakuwa da kansa ba zai zura ido ajin ya rushe ba. Su ma 'yan sa-kan nata kusan wata 27 suke yi a wuri, ba mako uku ba.

Da ni ne kai, Malam, sai in raba aikin gida biyu. Tara kuɗin ka yi da kanka, don mutanenka kai suka sani, kai suka amince wa. Ginin kuma ka damƙa shi ga ƙungiya mai rajista a can ko kwamitin makarantar, asusu mai sa hannun mutum biyu ko uku, da injiniyan da kai ka ɗauka, ba wanda ɗan kwangila ya kawo ba. Da ɗan gari akan ci gari. A biya mataki-mataki: harsashi, linta, rufi, shafe, kowanne sai injiniya ya duba ya sa hannu, a turo maka rasit da hoto. Ka riƙe kashi 5 zuwa 10 na kuɗin ɗan kwangila har damina ɗaya ta wuce a kan rufin.

Mako ukun nan naka kuma kada ka ajiye shi don bikin buɗewa. Ka je lokacin da aka ɗaure rodi ana shirin zuba kankare, ka riƙe zanen ginin a hannu, injiniya na gefenka yana aunawa.